Nonon Da Aka Hana Saude

Sunana Hure. Mutuniyar wani ƙauye ce ni a arewacin Affala, ko da yake yanzu na tsufa a Tawa. Abin da zan faɗa ya same ni ƴan shekaru bayan an ce Nasara sun tafi, ƙasa ta dawo hannunmu. Mu dai a ƙauye rijiyarmu ba ta rage zurfi ba. Ina faɗinsa ne don har yau nakan ji tsofaffi suna gaya wa masu goyo irin maganar da aka gaya mini, su kuma suna sunkuyar da kai yadda na sunkuyar.

Mijina na lokacin, Illa, ya tafi biɗa, wato ci-rani, can Abija ta bakin teku bayan kaka kamar sauran mazan Adar, ya bar ni da tsohon ciki. Na koma gidanmu na haihu a hannun mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, na kuma ci gaba da zama a can tunda ba kowa a ɗakina. Haihuwata ta biyu ke nan. Na fari, Abdu, zawo ya ɗauke shi yana wata bakwai. Wannan kuwa mace ce, Saude. Kafin bazara ta yi wata biyar, ta yi ɓul-ɓul, wuyanta ninki-ninki. In tana shan nono takan kama ɗan kunnena ta riƙe, ba ta saki sai barci ya kwashe ta.

Ciwon ya fara da ƴar tsaga a kan nonon hagu, wadda ba ta kai tsawon ƙwayar hatsi ba. In Saude ta kama sai na cije leɓe. Sai na koma ba ta na dama kaɗai, ina jiran na hagu ya warke. Kwana uku ya kumbura, ya yi tauri, ya ɗau zafi. Zazzaɓi ya biyo baya. Ban fasa daka ba, ban fasa zuwa rijiya ba, don ba wanda zai yi mini. Inna ta dafa ganyen sabara ta gasa mini, ta shafa jar kanwa. Da abin ya tsaya nan, da watakila yau Saude na da jikoki.

A makon nan sai cikin Saude ya ɗan saki na kwana biyu. Haƙori take shirin yi, don dasashinta ya yi fari. Inna ta dubi kashin yarinya, ta dubi ƙirjina, ta aika aka kira Kuluwa, tsohuwar ungozomar garinmu.

Kuluwa ta sa na tatsa na hagu a ludayi. Ya fito rawaya-rawaya. Ta tsinto kiyashi a gindin danga ta jefa ciki, muka zuba ido. Ya yi ta wutsil-wutsil, can ya daina. Na ce a gwada na dama. Ta wanke ludayin, na tatsa, ya fito fari tas. Ta jefa wani kiyashin, shi ma ya mutu.

Kuluwa ta ce, "Kaikai na, dut biyun. Shi yac ci Abdu, in kunka bari kuma shina cin wagga."

Na ce, "Iya, na dama lahiya lau shike. Ba shi yi mani ciwo ko kaɗan."

"Ba ke shika yi ma ciwo ba, ɗiyar shika yi ma."

Kaikai shi ne mugun nono, wanda ake cewa yana kashe ɗan da ya sha. Na dubi Inna ina jiran ta kare ni. Sai ta ce, "Gadona na, Hure, ni na ba ki shi. Tara na haihwa, ukku sunka tsaya. Ba ni zama in ga kin kashe jikata da ƙirjinki kamar yadda na kashe nawa."

A ranar ta yage tsohon zane ta ɗaure mini ƙirji tam, ta mai da Saude ɗakinta. Aka fara ɗura mata nonon akuya da bauri, da ɗan kunu mai ruwa. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: ban yi gardama ba. Na tuna Abdu, na tuna da nonona ne a bakinsa har ranarsa ta ƙarshe, sai na yarda ni ce.

Mako na biyu nonuwan suka cika ba mafita. Zanen ɗaurin ya riƙa jiƙewa yana bushewa, ya yi tsami, ƙuda na bina. Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Wata ta ce a yi ƙaho, wata ta ce toka da man shanu, wata ta ce baki ne, don an sha ganina ina shayarwa a bakin rijiya gaban mutane. Na sha rubutu har ba na iya tuna na malamai nawa. Wanzami ya zo ya gasa basilla ya yi mini sakiya, mata biyu suna danne da ni. Ƴar mugunya ta fito, bakin ya sake rufewa, zafin ya ninka.

Duk wannan bai kai kukan Saude ba. Ɗakin Inna na jikin nawa. In ta gan ni a tsakar gida sai ta miƙo hannu tana zillo kamar za ta faɗo. Inna ta ce, "Koma bayan rumbu. Ganinki ka sa ta kuka." Can nake wuni, ina jin muryarta tana dushewa.

Sau ɗaya na saci jiki. Inna ta tafi rijiya ta bar ta kan tabarma. Na kwance ɗaurin na ba ta na dama. Ta kama da ƙarfi tana sha tana ajiyar zuciya, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ban ji shigowar Inna ba. Ta sauke tulu, ta fizge ta, ta wanke ni da mari a gaban maƙwabta. Sannan ta kifa yarinyar a cinyarta ta zura mata yatsa a maƙogwaro, sai da ta amayar da duk abin da ta sha. Ina kallonsa a ƙasa, fari, rairayi na shanyewa. Daga ranar ko rijiya da ita take zuwa a baya.

A mako na uku na daina tashi. Nonon hagu ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi, yana ƙyalli. Babanmu ya ce sha'anin mata ne, shi ba ya shiga. Allah ya kawo Gwaggo Zali, ƙanwarsa, mai sai da mai da ƙuli-ƙuli a Tawa. Gaisuwar mutuwa ce ta kawo ta garinmu. Tun daga ƙofar ɗakina ta toshe hanci, ta ɗaga zanen ta duba, ta fita wurin Baba.

Na ji tana cewa, "Yaya, ɗiyarka ruɓewa takai da ranta. Ka ba ni jaki in tahi da ita likita, ko ka aika a haƙa mata rami, ɗaya cikin biyu."

Ya ba da jakin. Inna ta ce in tafi, amma Saude ba ta zuwa ko'ina. Ba ni da ƙarfin musu. Muka fita bayan asuba, muka shiga Tawa da la'asar sakaliya. Hanyar duwatsu ce, kowane taku na jakin a ƙirjina yake sauka. Gwaggo a ƙasa ta yi tafiyar nan duka, hannunta ɗaya na tokare da bayana.

Ranar farko a likita, wato asibiti, ba mu sami takarda ba, an ce mun makara. Rana ta biyu muka samu, muka zauna a inuwar bango tare da mutanen Bambeye da Buzaye daga arewa, kowa rungume da nasa. Inuwar ta ƙare, azahar ta yi, aka rufe ƙofa saura mutum huɗu a kai kaina. Rana ta uku Gwaggo ta daina jira. Ta ja ni har bakin ƙofa ta yaye mini zane a gaban maza da mata, ta ce wa mai kiran suna ya duba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma an shigar da ni.

Lokotoron da ke duba marasa lafiya bai dubi fuskata ba. Ya taɓa wurin da yatsa biyu, ya yi magana da Faransanci. Kalma ɗaya na riƙe, "apse", don ya maimaita ta. Mai fassara ya ce ƙurji ne ya nuna a ciki, tsagawa za a yi. An yi mini allura da aka ce za ta kashe zafi, ban ga abin da ta kashe ba. Abin da ya fito ya kusa cika ƙaramar tasa. Suka cusa tsumma mai tsabta a ramin, suka ce in riƙa zuwa kullum a sauya, abin da suke kira fansama. Zare tsumman nan kowace safiya ya fi tsagawar zafi. Gwaggo ta kai zannuwan adonta kasuwa don maganin da aka rubuta mini, ba ta taɓa ambata mini ba. A bakin maƙwabciyarta na ji.

A kwana na huɗu na fansama wata ungozomar likita ta tsaya a kaina. Madam kowa ke ce mata, Badamagariya ce, gajera mai kaushin murya. Ta ce, "Wannan nonon mai goyo ne. Ina ɗan?"

Na gaya mata komai, har da kiyashin.

Ta ce, "Kiyashi ko a ruwan rijiya kika jefa shi mutuwa zai yi. Iyo ya iya? Ɗaurin nan shi ya ruɓar miki da nono. Da kin ci gaba da ba ta, kina tatse mai ciwon, da ba ki zo nan ba." Sai ta ɗaga murya yadda duk matan da ke layi za su ji. "Ku dube ta. Ƙatuwar mace ta zauna an ƙwace mata ɗiya saboda ƙwaro. Ke ba ki da hankali ne?"

Wasu suka yi dariya. Har yau ban yafe mata dariyar nan ba, kuma har yau ina yi mata addu'a, don ita kaɗai ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce a kawo yarinyar maza.

Gwaggo ta koma ƙauye. Kwana uku ta yi tana fama, don sai da ta haɗa da Baba da limami kafin Inna ta yarda, kuma ta ce ita za ta goyo ta da kanta. Da ta kwance goyon a tsakar gidan Gwaggo ban gane ɗiyata ba. Fatar cinyoyinta ta yi yaushi tana lilo, maɗigarta ta faɗa, bakinta duk farin ƙuraje. Ba ta miƙo mini hannu ba. Kallona kawai ta yi. Wata guda ke nan rabonta da nono, in ban da ranar da na saci jiki, kuma zawo bai tsaya ba tun mako na biyu. A ƙauye cewa suke sauran kaikai ne ke fita.

Na dama kuwa ya riga ya kwanta, in na matsa ɗigo biyu ne. Madam ta ce kada in karaya. In sa ta a nono ko da yaushe, in sha kunu da hura, ruwan zai dawo. Kafin nan a ba ta madarar gwangwani da cokali, da ruwan da aka tafasa. Inna ta ja tabarmarta ta juya wa ɗakin baya, ta ce, "Ba da hannuna ba."

Saude ta manta yadda ake kamawa, ko kuma ƙarfin ne babu. In na sa mata sai ta riƙe a baki ta lumshe ido. Cokali uku na madara, biyu su dawo. An yi mata allura sau biyu a cinyar da ba nama. Kwana shida muka yi haka. Ranar Alhamis da hantsi, muna layin fansama, tana kan cinyata da nonon a bakinta, na ji bakin ya saki. Na ɗauka barci ne. Wata Buzuwa da ke gefena ta leƙo, ta sa hannu ta rufe mata ido, ta ja mayafinta ta lulluɓe mu duka biyu. Ba ma jin yaren juna. Ta riƙe kafaɗata har Gwaggo ta zo.

Da muka koma gidan Gwaggo Inna ta karɓe ta ta yi mata wanka da kanta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Bayan maza sun tafi da ita ta ce, "Kwana talatin na riƙe ta da rai. Kwana shidda tay yi hannunki."

Kwana biyu da binne ta na tashi rigata a jiƙe. Ruwan ya dawo.

Ramin hagu ya ɗau kusan wata biyu kafin ya cike. Ya bar tabo mai zurfi, nonon ya shanye, bai sake kawo ruwa ba har na gama haihuwa. Illa ya dawo da faɗuwar damina, danginsa suka tare shi da labari tun bai sauke kaya ba. Bai zage ni ba. Ya aiko mini da turmin atamfa da takardata, ya ce mutanensu sun ce ba su da ɗiyan da za su ƙara zubarwa.

To ku masu goyo, ga abin da na saya da ran ɗiyata. In nono ya tsage ko ya kumbura, kada ki bari a ɗaure shi, kada ki janye ɗa daga mai lafiyar. Ki tatse mai ciwon ko kina kuka, ki tafi likita tun kina iya tafiya da ƙafarki. Wadda za ta hana ki ba maƙiyiyarki ba ce, mai sonki ce, shi ya sa ƙin maganarta ke da wuya. Allah ya ji ƙan Gwaggo Zali, ya ji ƙan Madam da bakinta, ya saka wa Buzuwar nan da ban san sunanta ba.

Saura abu ɗaya, wanda na daɗe ina ɓoyewa.

Kwana goma da komawata ƙauye, matar yayana Nomau ta rasu da zazzaɓin haihuwa, ta bar jariri namiji, Sha'aibu. Yana tsala kuka a ɗakin Inna, ni kuma ina bayan rumbu ina tatsar da nono a ƙasa don in sami sauƙi. Na je na durƙusa na ce, "Inna, ki ba ni shi. Madam tac ce lahiya lau nike."

Ta ce, "Kin ci biyu. Ba ki cin na ukku ina da rai."

Aka jawo akuya. Amma Inna ta fara gajiya da goyo zuwa rijiya, da damina ta kankama kuma ita ke kai abinci gona. Takan bar shi a ɗaki ta saya ƙofa da asabari. Ranar farko da na ɗauke shi, duk da maganar Madam rabin zuciyata na tare da Kuluwa. Na ba shi. Na goge masa baki da gefen zane, na shafa masa ɗan nonon akuya a leɓe saboda wari, na mai da shi yadda na same shi. Na wuni ina jiran ya mutu. Bai mutu ba. Washegari na ƙara.

Shekara da rabi na yi ina haka, sau biyu, wani lokaci sau uku a rana. In ya yi atishawa sai in ɗauka nonona ne ya fara cinsa. Yaro ya yi ƙiba, ya yi haƙora, ya tashi da ƙafarsa. Inna ta rataya wa akuyar laya, ta hana a sayar da ita, mutane suka riƙa zuwa neman irinta. Duk wadda ta shigo sai Inna ta nuna mata Sha'aibu, sannan ta nuna ni da haɓa, ta ce ga bambancin. Nakan ci gaba da dakana.

Daga baya na auri wani tela mutumin Maradi, na dawo Tawa. Na haifa masa huɗu, na shayar da su da nono ɗaya, kowanne sai da ya shekara biyu, duk suna raye. Inna ta ce ɗiyan mutanen Maradi taurin rai gare su.

Bayan fiye da shekara ashirin Nomau ya aiko in zo gida. Na same shi a ɗakin Inna, wadda a lokacin ta makance. Ya ce yana son a ƙulla zumunci, a ba Sha'aibu ɗiyata Mariyama, yaran ma suna son juna. Inna na ta sa albarka. Na so ƙasa ta buɗe. Wanda ya sha nonona ɗana ne, Mariyama ƙanwarsa ce, aure ba ya yiwuwa. In na yi shiru na jefa su cikin haram, in na yi magana na karya zukata biyu da ba su san komai ba.

Na ce, "Yaya, ba ya yiwuwa. Sha'aibu nonona yash sha, ba na akuya kaɗai ba. Shekara da rabi, nan cikin ɗakin ga."

Nomau ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Ni Inna nake kallo. Ina jiran kalma ɗaya, ko da sunan Saude ne kawai.

Ta gyara zama, ta juyo da fuskarta wajen da muryata ta fito. Ta ce, "Ashe shekara da rabi kina biɗar ranshi cikin ɗakina, Allah bai ba ki ba."

Ta ce ƙishirwa take ji. Na dama hura na miƙa mata ƙwaryar. Ta lalubo, yatsunta suka taɓa hannuna, ta gane nawa ne. Ta ture, ta ce Nomau ya ba ta.